Ruwan Inabin da Aka Ajiye wa Innata

Duk lokacin da na ji ƙarar almakashi a shagon tela, kakana nake tunawa. Yana tsaye ƙarƙashin rumfar inabinsa a gidanmu na Ƙofar Dumi, yana datse rassa da zarar damina ta ɗauke. Maƙwabta suna masa dariya, wai malami guda ya zama wanzamin itace. Reshen ya samo shi ne wurin wani abokinsa, ya lallaɓa shi har ya kama a wannan jar ƙasar tamu mai tsakuwa. Farin inabi ne, ƙanana, masu ɗan tsami. Sai zafin bazara ya kankama suke nuna, mu ɗaure kowane nono da tsumma saboda tsuntsaye.

Kakata ce ke matsewa ta tace. Ita kuwa, ka sani, ba ta yarda a sha abu haka kawai. Kunun tsamiya abokin ƙosai ne, zoɓo na dambu, fura ba ta neman kowa. Ruwan inabi kuwa sai masa mai zafi, don tsaminsa ne ke yanke maiƙon. Wata rana na kurɓa a kan tuwo da miyar kuka, ta ƙwace kofin ta ce, "Maigidan nan, ka ɓata min abu biyu a baki ɗaya."

Kakana yana da sharaɗi guda. Ruwan inabi halal ne muddin yana kwance shiru. Ranar da ya fara kumfa ya tashi daga namu, sai a zubar.

A shekarar da aurensu da babana ya mutu, innata ta koma wajen danginta a Zungur, aka bar ni wurin kakanni. Gida cike da mutane, amma ni kaɗai nake jin kaina. Da inabi ya nuna, innata ta aiko cewa tana tafe ran Juma'a. Ita ce ta fi kowa son ruwan nan a gidan. Kakata ta ɗebi matsar ƙarshe ta zuba a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ajiye gindin randa inda ya fi sanyi.

Juma'a ta zo ta wuce. Na zauna a zaure, duk ɗan acaɓan da ya shigo lungu sai na miƙe. Kowace safiya kakana yakan ɗaga faifan, ya leƙa, ya ce, "Da saura." Wannan kalmar nake jira kafin in iya karyawa. A raina na ɗaura zuwanta da ƙwaryar nan, in dai ruwan bai juya ba, to tana hanya.

Ran da ruwan ya juya, tun kafin kakana ya ɗaga faifan na ji warin. Ya daɗe yana kallon kumfar. Kakata ta ce, "Malam, ko zuwa la'asar?" Ya girgiza kai. Bai aiki kowa ba, da kansa ya ɗauka ya kai bayan gida ya tuttular. Na yi kuka har muryata ta dushe, kuma ba wanda ya hana ni.

Innata ta zo bayan an yi ruwan farko. Ni ɗan fari ne, don haka ba ta kira sunana ba, ba ta ma dube ni sosai ba. Inabin ta ɗaga kai ta kalla, ta ce, "Ashe ya ƙare." Kakata ta ce, "Tsuntsaye sun yi mana ɓarna bana." Aka kawo mata ruwan randa.

An raba gidan gado tuntuni, wanda tsakar gidan ta faɗo wa ya sare inabin ya malale wurin da siminti. Yanzu inabi ba shi da lokaci, a roba ake sayar da shi bakin titi, rani da damina. Innata tana wurina a Tirwun, ta tsufa, likita ya hana ta duk wani abu mai zaƙi. Mukan zauna da yamma, ita can ni nan, hirarmu ba ta da tsawo. Har yau ba ta san an taɓa ajiye mata ba.