Kabad Ɗina da Kwamfutar Malam

Da za a kawo ni Karaye, babana ba shi da halin yi mini kayan ɗaki irin na 'ya'yan 'yan kasuwa. Abin da yake da shi wani ƙaton maɗaci ne a gonarsa ta bakin rafi a Beli. Ya sa aka sare shi aka tsaga, wani kafinta a Rogo ya yi mini kabad mai ƙofar gilashi, wanda sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi. Ranar da ake ɗora shi a mota, Baba ya buga bayansa da tafin hannu ya ce, "Wannan ko gara ta ɗanɗana sai ta tofar. Jikokinki ma a ciki za su yi jere." Bai daɗe ba bayan haka Allah ya yi masa rasuwa. Abin hannunsa da ya rage mini ke nan, kuma kullum sai na goge shi kafin in ɗauki tsintsiya.

Maigidana malamin lissafi ne a sakandare. Mutumin kirki ne, ban musa ba, amma in abu ya shiga kansa ko da taɓarya ba ya fita. Wajen ƙarshen mulkin soja aka tura shi wani ɗan kwas a Kano, ya dawo mana da ciwon kwamfuta. Haɗaɗɗiya ta fi ƙarfinsa, sai ya ce ai da hannunsa zai haɗa tasa. Duk ƙarshen wata ya tafi wurin masu sayar da na hannu ya dawo da guntu a leda. Yau wani koren faifai mai ƙurajen ƙarfe, wai shi ne uwar. Gobe wani ɗan bulo mai nauyi, wai a ciki take ajiye karatunta. Jibi allo kamar talabijin, amma ko tasha ɗaya ba ya kamawa. Abu guda ya ƙi saya, akwatin ƙarfen da ake zuba su duka a ciki.

"Gwangwani ne fa kawai," in ji shi. "Wawa ke sayen gwangwani."

Ya baje kayansa a kan tabarma a ɗakin zaure, wayoyi ko'ina kamar an farke cikin akuya. Ranar da kazata ta shiga ta yi abin da kaji suka saba dab da uwar, a ranar ya gane kwamfuta tana bukatar gida. Ya shigo ɗakina da doguwar sallama, yana tambayata gajiya kamar ba gida ɗaya muka kwana ba, idonsa kuwa yana kan kabad.

"Aro za ki ba ni, na kwana biyu, kafin in sa a yi mata nata. Ga gilashi, mutane su ga cikinta su ƙaru."

"Malam, kwanukana fa?"

"Kwano ai ko a ƙarƙashin gado kwano ne."

Na ce a'a, ya kawo wa'azin taimakon ilimi. Na sake cewa a'a, ya daina cin tuwona yana sayen shayi a bakin tasha, har maƙwabta suka fara tambaya ko lafiya. Da na gaji na kwashe samira da tangaran na tura ƙarƙashin gado, raina yana suya, aka kinkimi kabad zuwa zaure.

Maganar gaskiya, kwamfuta ta tashi. Ranar da aka kawo wuta ya danna, ta yi ƙara, rubutu ya fito, 'yan majalisarsa suka yi kabbara. Har daga Kafin Dafga mutane suka riƙa zuwa kallo, suna cire takalmi a bakin ƙofa kamar za su shiga gaban alƙali. Na leƙa in ga wannan ilimi da aka raba ni da jerena dominsa. Karta na tarar suna yi a allon. Malam, wanda ke zane ɗalibai a kan karta, shi ne ke koya wa mai unguwa inda zai ajiye sarki.

Sai bazara ta shigo. Kwamfuta a cikin katako mai kauri, ga gilashi a rufe ruf saboda yara da bakin mutane, sai ta fara suma. Ana tsakiyar karta ta ɗauke ɗif. Malam ya buɗe, ya taɓa, ya janye hannu yana yarfewa, ya ce zafi ne, iska take so.

Ina daka na ji ƙarar zarto daga zaure. Na yar da taɓarya na fita ko mayafi ban gyara ba. Wani kafinta da Malam ya kira ya riga ya fafe bayan kabad, ya cire wani zagayayyen katako kamar faifai, Malam yana gwada fanka a ramin.

"Malam, aro ka ce!"

"To ai ban sayar ba. Baya ne, wa ke kallon baya?"

Na tsugunna na ɗauki katakon da aka cire, na juya ciki, don in na buɗe baki a gaban baƙo sai an kira manya. A ɗaki na yi kukana, kukan da tun rasuwar Baba ban yi irinsa ba.

Rami ɗaya bai isa ba. Wai iska in ta shiga sai ta sami ta inda za ta fita, aka huda gefe. Wai zafi sama yake tashi, aka huda sama. Ƙaramar fanka ta gaza, aka samo ta tsohuwar mota wurin bakanike, wadda in ta tashi sai ka ce injin markaɗe, har kajina suka daina bi ta zaure. Duk da haka da azahar ta yi sai kwamfuta ta sume. Garin ma mutum da ransa neman inuwa yake, balle abin da aka ƙera a ƙasar ƙanƙara.

A nan ne abokinsa malamin kimiyya ya kawo shawarar da ta ƙarasa mu. Ya ce me ya sa ruwan randa ke sanyi ba firji? Jiƙaƙƙen yashi a ƙasa, jiƙaƙƙen buhu a jiki, iska tana bugawa. Majalisa ta ce wallahi haka ne, ashe iyayenmu sun riga Turawa. Aka zuba yashi aka ɗora kabad a kai, aka jiƙa buhun algarara aka rataya a bakin ramin fanka, aka ajiye buta kusa. Duk wanda ya zo kallo sai ya ɗan yayyafa mata, don a samu ladan taimakon ilimi da shi.

Kwana biyu ba ta suma ba. Malam har tafiyarsa ta canza, yana cewa zai rubuta wa jami'a. Ana nan wani dattijo mai tausayi ya ga buhu ya bushe, ya ɗaga buta ya tuttule ta duka, fanka kuwa ta ja ruwan ta fesa wa uwar a fuska. Muka ji fat, sai ƙauri kamar ana babbakar kai. Garin neman gira aka rasa ido.

Bayan mako guda ƙarti suka dawo mini da kabad. Ƙafafunsa sun sha ruwa sun kumbura, ƙofa ta ƙi rufuwa, ciki ya yi baƙi, ga ramuka ta ko'ina. Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Ga kayanki. Kin ga dai aro na ce."

Wata na ƙarewa ya tafi Kano ya dawo rungume da gwangwanin da wawa ke saya.

Da damina ta faɗi Inna ta zo daga Beli. Na yi dabara na jera manyan kwalla a gaban ramukan, na rataya kalanda a gefe, ta zauna muka gaisa ba ta lura ba. Sai ta ce ƙishi take ji, ta hana ni tashi, ta je gindin randa da kanta. Na manta cewa zagayayyen katakon nan shi na mayar murfin randa. Ta ɗaga shi, ta juya, ta shafa da babban yatsa, ta daɗe a tsaye. Sannan ta dawo ɗaki riƙe da shi, ta janye kwalla ɗaya, ta ga hasken bango ta cikin ramin.

Na fara kame-kame. Ta ɗaga mini hannu.

"Bari, 'yar nan. Babanki gara ya yi wa tanadi, Allah ya jiƙansa. Bai san mai ilimi za ki aura ba."

Ta mayar da kwallar inda take, ta gyara mata zama sosai yadda za ta rufe ramin. Ruwan da ba ta sha ba ke nan har ta tafi.