Zinaren da Yaran Utaibiyya Suka Ƙi Ɗauka

Ko na manta sunayen rabin ɗalibaina, ba zan taɓa manta ranar da na ɓoye wa yara zinare suka ƙi ɗauka ba. Ku sababbin malamai kuna yawan tambayata yadda na samu gindin zama a aikin nan. To ga yadda aka yi.

A lokacin ina sabuwa a wata rauda, wato makarantar ƙananan yara, a unguwar Utaibiyya ta Makka. Yawancin yaran jikokin Hausawa ne haifaffun Makka, Larabci ya fi zama a bakinsu, Hausa sai wurin kakanni. Mudira ce shugaba, sai wakila mataimakiyarta, sai mu malamai da yara ke kira abla. Gwaji aka ɗauke ni na zango ɗaya, in koyar da Turanci. Idan mudira ta gamsu a bar ni, idan ba ta gamsu ba in koma gidanmu a unguwar Tandabawi in ci gaba da taya Umma ɗinki. Ni kuwa ina son aikin nan kamar raina.

Al'adar makarantar ce ranar tafiya hutu kowace malama ta shirya wa ajinta wasa, iyaye mata su zo kallo. A littafinmu na Turanci akwai tatsuniyar mutanen Ailan, wata ƙasar Turawa: wani guntun tsoho mai koren kaya, mai ɗinkin takalma, yana ɓoye tukunyar zinare a inda bakan gizo ya ƙare. Na ce shi ke nan, neman zinare za mu yi.

Na kai wa mudirarmu shirin. Abla Hadiza ke nan, Allah ya ji ƙanta, macen da ba a kawo mata wargi. Ta kalle ni ta saman tabarau.

"Wannan tsohon, mutum ne ko aljani?"

"A wurinsu kamar aljani ne, Abla."

"To a raudata baduku ne. Halas, magana ta ƙare."

Na yi ta yankan kwali har yatsuna suka yi kanta. Na ɗinka bakan gizo da ragowar ƙyallayen Umma, na rataya shi a tsakar makaranta. Na yi wa tsohon mutum-mutumi da koriyar hula da gemun auduga. Sai na sayo cakulan mai siffar tsabar kuɗi a takarda ruwan zinare, na zuba a 'yan tukwane, na ɓoye a bayan tukwanen furanni da ƙarƙashin lilo.

Ranar ta zo, iyaye suka cika inuwa, mudira ta zauna a gaba. Na ba yara labarin, na ce zinaren tsoho yana nan a warwatse, wanda ya gani ya kwashi rabonsa. Suka watse da gudu suna ihu. Har na fara jin daɗi, sai na ji muryar Ruƙayya, wata 'yar siririya mai kaifin baki.

"Haram! Kar wanda ya taɓa! Kaka ta ce ba a ɗaukar tsintuwa a Makka!"

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san hukuncin: abin da ka gani yashe a ƙasar Harami ba naka ba ne, ba ka ɗauka sai idan cigiyar mai shi za ka yi. Da shi aka raine mu, ni ma har da ni, amma littafin Turanci ya ɗauke min hankali. Yara suka tsaya cirko-cirko, kowa a gaban tukunyarsa, hannu a baya. Wani yaro Bilal kuwa ya riga ya cinye ɗaya. Ya fashe da kuka, baki duk cakulan, yana cewa wuta zai shiga. Na saci kallon mudira, na ga ta cire tabarau.

Sai na ce a raina, tunda mai kaya suke jira, bari mai kaya ya zo. Na zaga bayan mutum-mutumin, na cire hular da gemun na saka, na fito ina ɗingishi.

"Wayyo zinarena! Ya jama'a, wa ya ga zinarena?"

Ai kuwa wuri ya kaure. Wannan ya ja ni, waccan ta ja ni, kowa yana so ya nuna min nasa. Waɗanda ba su samu ba suka bazama nema, har tukunyar da ni kaina na manta inda na sa sai da suka tono. Da aka tara, na ce mai gaskiya ba ya tafiya hannu banza, na raba musu kyauta. Bilal ya matso yana shessheka, ya kira ni ammi, wato baffa.

"Ya ammi, na ci ɗaya."

"Na yafe maka, ɗana. Halal ne."

Iyaye na dariya, wasu na share hawaye. Da aka tashi Abla Hadiza ta kira ni ofis, gemun yana hannuna. Ta ce, "Bayan hutu ajin naki ne. Amma nan gaba ki karanta yaran kafin ki karanta littafin."

Yaran nan yanzu sun girma, kakannin da suka koya musu kuma yawancinsu suna ƙarƙashin ƙasa. Ina kewar tsofaffin nan. Abin da na koya shi ne, yaro ba ya zuwa mana wayam, da tarbiyyar gidansu yake shigowa, aikinmu mu ɗora a kanta. Na daɗe ina koyarwa, amma ban sake ganin abin da ya kai wannan ba: 'yan shekara biyar, yawu na zuba, suna gadin cakulan ɗin wani.