Yau Ba Ranarku Ba Ce

Shekarun baya, ban daɗe da ajiye aiki ba, wani abu ya same ni a Kura wanda har yanzu idan na tuna shi sai na cire tabarau na goge. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina rabon ruwan noman rani tsakanin Kura da Bunkure. Makullin ƙofofin kanal, wato magudanar ruwan, yana hannuna, jadawalin ranakun kowane yanki yana aljihuna. Na yi aikina bisa ƙa'ida, na kuma yi ritaya ina da tabbacin cewa manoma da alheri suke ambatona.

Wani abokina, tsohon hedimasta, shi ya kawo mini labari. Wai duk Juma'a bayan la'asar ana share harabar wani injin casar shinkafa, a tayar da janareto, a kafa makirfo, duk mai waƙa a bakinsa ya fito ya rera, ba a tambayar ko shi ɗan wane ne. Na ce masa ni ba na zuwa wurin kaɗe-kaɗe. Ya ce, "To, ai kai ma mawaƙi ne, mutumina. Baitocin nan arba'in da ka tsara kan amfanin noman rani, ɓeraye za ka bar wa?" Ya san inda zai taɓa ni. Na sa babbar riga, na ninke takardar a aljihu, muka tafi.

Aka ba mu benci a gaba, sauran jama'a na kan buhunan shinkafa. Wani saurayi ya yi waƙar soyayya da piyano, muryarsa na can, kiɗan na can. Wani Bafulatani ya kaɗa garaya ya yabi bijiminsa. Abin da na lura da shi shi ne, kowa kafin ya fara sai ya koya wa jama'a amshinsa, su kuma su karɓa da ƙarfi, ko muryarsa da daɗi ko babu. A raina na ce wannan ai shirme ne.

Sai wani manomin albasa ya fito, siriri, mai furfura a gemu. Shi bai koyar da amshi ba. Mai kalangu na taɓa kiɗa, wurin ya ɗauki sowa. Ya rera cewa albasarsa ta sunkuyar da kai don ƙishi, ya je wurin Mai Makulli da kuka, Mai Makulli ya gyara tabarau, ya dubi takarda. Nan take harabar duka ta amsa da murya ɗaya: "Yau ba ranarku ba ce!"

Maganata ce. Ita nake faɗa wa duk wanda ya zo neman ruwa ba a ranarsa ba, kuma da irin jan muryar da nake faɗinta suka rera ta. Tsofaffi sun iya, matasa sun iya, har mai sayar da rake a bakin ƙofa ya iya. Na juya wurin abokina na ce, "Tun yaushe ake wannan?" Ya kawar da kai ya ce, "Ta kai shekara goma. Mata ma da ita suke tsinkar tumatir." Sannan na lura leɓensa shi ma yana motsi.

Ban gama farfaɗowa ba sai mai gabatarwa ya ce ƙa'idar wurin ita ce, wanda aka ambata a waƙa, in yana nan, makirfo nasa ne. "Baba Mai Makulli, ranka ya daɗe, bismillah." Idanu suka yo kaina. In na fita, sun kore ni ke nan, in na zauna, na amsa laifi. Na miƙe.

Na zaro takardata na karanta baiti na farko, ƙafiyarsa daram. Shiru. Na karanta na biyu. Ba abin da ake ji sai ƙugin janareto. Waƙata ba ta da amshi, domin ban taɓa tsara ta don wani ya sa baki ba. A baiti na huɗu na hango saura talatin da shida a gabana.

Sai na ji mutum ya tsaya a bayana. Manomin nan ne. Ya raɗa mini, "Ci gaba, Malam. A nan ba a barin mutum shi kaɗai da makirfo." Ina kai ƙarshen baitin ya ɗaga murya: "Yau ranarka ce, Mai Makulli!" Kalangu ya shiga, jama'a suka ɗauka. Haka suka raka ni baiti bayan baiti, har aka kira magariba ina na goma sha biyu. Da muka fito manomin ya ce mini, "Albasar nan fa ta mutu da gaske, Malam. Amma waƙar ta rayu."

Tun daga ranar na gane abin da ke kai mawaƙan ƙauye wurin nan. Ba kyan murya ba ne, ba kuma yabo ba. Amshi ne. Mutum ya faɗi abin da ke cinsa, ɗari su karɓa masa. Ni kuwa na shekara ashirin ana kawo mini kuka ina duba takarda.

Da na isa gida na zayyana wa mai ɗakina komai, ina jiran ta yi salati. Ta ci gaba da tankaɗe garinta ta ce, "Malam, ai da ita nake lallashin 'ya'yanka in sun ce nama suke so."