Na je Damagaram neman asalin 'yar rina

Ana sallame asuba na hau kabu-kabu daga Kwaya. Ni na karɓo wa garinmu buhunan 'yar rina daga ma'aikatan noma, ƙwaron da ake saki ya kashe murzuna, tsutsa mai cinye kan gero. Kawu Idi, mai amya a kusan kowane gawon gari, ya rantse rina ba ta barin ƙudan zuma.

"Kai ka kawo su," in ji shi. "Juma'a in ba ka zo da hujja ba, wuta zan sa musu."

Geronmu kuwa ya fara fidda kai.

Magariya

Na sauka bakwai da rabi, na sha koko da ƙosai a tasha. Motar Damagaram ta ƙi cika sai tara. Direba ya ga takardar da na ɓamɓaro daga jikin buhu, ya ce, "Mushe," wato malam da Faransanci, "asibiti za ka?" Na ce, "Asalin ƙwaro zan tambayo." Ya yi dariya har da dukan sitiyari.

A Bande jandarma ya duba katinmu. Wata hajiya ta sayi dafaffiyar gyaɗa ta raba wa mota, ni dai ban ji ɗanɗanonta ba.

Damagaram

Bayan azahar na shiga ɗakin karatu na jami'a, aka ba ni na'ura mai kundin binciken halittu. Da azarɓaɓina na rubuta "rina" da Faransanci. Wayyo! Ga rinoni nan birjik, wasu ƙudan zuma ne ma abincinsu. Na ce shi ke nan, Kawu ya yi gaskiya.

Matar da ke kula da ɗakin, Madam Rabi, ta leƙo.

"Malam, in ka je Kano ka ce kana neman Musa, wa za a nuna maka? Sa sunan dangi, sannan nata."

Na kwafo daga takardata: Habrobracon hebetor. Ta ce in gwada da Bracon ma, don wasu da shi suke rubutawa. Rinonin nan duk suka ɓace, saura tamu. Na bi takardun binciken da suka fito ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Tsutsar asu take sa wa ƙwai, ban ga inda ta taɓa ƙudan zuma ba. Cikin tsutsotsin da take kashewa kuwa har da wadda ke cinye saƙar zuma a amya. Na sauke ajiyar zuciya da ƙarfi, har ɗalibai suka waiwayo.

Na kwana gidan wani abokina a unguwar Birni, na yi barci kamar an sauke mini dami.

Gida

Na iso Kwaya ranar Alhamis da yamma, na tarar da Kawu yana ɗaure amya. Na zayyana masa komai. Ya ajiye amyar, ya dube ni.

"Tsutsar nan da ta kashe mini amya biyu bara?"

"Ita fa, Kawu."

Ya kalli buhunan rinar da ke rataye. "To, me kake jira? Ɗauko ɗaya ka rataya mini can gindin gawo."

Alhamdu lillahi. Madam Rabi, Allah ya saka da alheri.