Ranar da Na Raka Kawu Idi Sayen Jirgin Kamun Kifi

Ammariyya

Ana sallame Asuba Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata, ya tsaya a ƙofar gidanmu a unguwar Ammariyya da tsohuwar motarsa. Ya gaji da dakon kaya a sito, don haka ya tattaro duk abin da ya tara tun zuwansa Jidda, zai sayi jirgin kamun kifi da sunan kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Ni ne mai ba da shawara, saboda na taɓa gadi a tashar jiragen ruwa. A danginmu wannan ya isa a kira mutum masanin teku.

Mun karya da ful da tamis, wato wake da gurasa, a hanya. A shinge ɗan sanda ya duba iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ya dubi motar, ya sallame mu cikin tausayi.

Khumra

Da hantsi muka isa unguwar Khumra, muka shiga wurin da ake ƙera sababbin jirage, farare tas. Mai wurin ya faɗi farashi, Kawu ya nemi kujera.

"Har da inji?"

"Inji daban, ya hajj. Raga ma daban. Amma sabo ba ya ba ka ciwon kai."

Gaskiyarsa. Jirgin da ba ka da halin saka masa inji, ina zai kai ka balle ya dame ka?

Bakin teku

Muka nausa kudu wurin wani dillali, Hamza, haifaffen nan, Hausarsa rabi Larabci. Ya nuna mana na hannu.

"Mai shi dattijo ne, ya ammi, sai Juma'a yake fita. Inji miya bil miya, ɗari bisa ɗari."

Fentin kuwa har yana manne wa tafin hannu. Na lura a bakin Hamza duk jirgin da ke wurin na dattijon nan ne. Kawu ya fara murmushi, ni kuma na ce sai an gwada a ruwa. Hamza ya dube ni kamar na zagi iyayensa, sannan ya ce, "Yalla, mu je."

Cikin ruwa

Sai da Hamza ya jiƙe da gumi wajen jan igiya kafin injin ya yarda ya tashi. Muna yin ɗan nisa ya yi tari ya mutu. Ruwa ya fara ɓulɓulowa ta ƙarƙashin fenti. Hamza ya miƙo mini gwangwani.

"Kowane jirgi yana shan ruwa shwayya, kaɗan-kaɗan."

Ina kwalfewa na waiwaya, sai ga Kawu kwance, ya rungume benci yana amai.

"Bashir, ƙasa ta yi nisa?"

Ina hango motarmu daga nan. Wasu masunta ne suka jawo mu gaɓa da igiya.

Komawa

Ni na tuƙo. Wajen unguwar Kurayyat Kawu ya buɗe ido, na ce, "To Kawu, sabo ko na hannu?"

"Firiza," in ji shi. "Masu ƙarfin ciki su kamo, in saya a tudu. Halas, shi ke nan."

Mun iso gida La'asar, dukiyarsa na nan, wandona jiƙe. Godiya ga Allah, sai kuma masuntan nan da suka riƙe dariyarsu har muka shiga mota.