Gafakar Baba a Cikin Kwamfuta

Shekara huɗu ina bin Kaka da waya, ina roƙon ta ba ni labarin yadda mutanenmu suka taso daga gabas har suka zauna a Gafasa, tana cewa in ɗauke mata wannan abu daga fuska. A duk zuriyarmu ita kaɗai ta rage mai jin Barbarci sosai. Mu dai gaisuwa muka iya, sai zagi guda biyu. Ran nan aka kawo ta gidanmu a Gaya don a duba mata ido, da aka dawo daga asibiti tana zaune a gindin darbejiya, kawai sai ta ce, "Maigidana, ɗauko abin naka kafin in fasa."

Ban tsaya neman takalmi ba. Na jingina wayar da kwano, ta fara magana, Hausa na shiga Barbarci na fita, sunayen garuruwa da rijiyoyi da ban taɓa ji ba. Murna ta hana ni zama daidai. Tana tsakiyar faɗin yadda kakanta ya rabu da ayarin fatake, wayar ta tsaya, wai ta cika. Na goge hotunan da ke ciki kaf, ko minti biyar ba su ƙara min ba. Kaka ta ce ba komai, bari ta ci abinci, amma in sani ƙanen Baba zai zo mayar da ita bayan la'asar, kuma ita ba ta maimaita magana.

Na ruga ɗaki na kunna laftof ɗin gidan don in juye bidiyon. Na haɗa kebul, na jawo fayil ɗin, sai ta ce babu wuri. Na duba, ga jan layi ya cika ma'ajiyar tam. Raina ya ɓaci, domin ni na san abin da na zuba mata: takardun jarabawar ɗalibaina da hotunan bikin suna biyu. Na buɗe kwandon shararta, fayau, ko ƙura babu. Na leƙa inda abubuwan da aka sauko da su suke taruwa, ba wani abin kirki. Na share tarkacen da take tarawa da kanta, layin ko motsi bai yi ba. Har na fara zargin bairos, na fara zargin matata da fina-finai, ta ce in dai rantsuwa nake so a kawo Alƙur'ani.

Sai na bi foldojin ɗaya bayan ɗaya ina duba nauyin kowace. A can cikin wata folda, cikin wata kuma, na ci karo da wata mai suna Gafaka, wato sunan jakar fatar da ake ajiye Alƙur'ani a ciki. Ita kaɗai ta cinye kusan duka wurin. Na buɗe, sai da na yi dariya ni kaɗai. Tafsirin azumi na shekaru, karatun alarammomi, wa'azin Juma'a, kuma kowanne sau biyar, sau shida. Mutum ɗaya ne a gidan zai yi wannan aiki.

Baba tsohon malamin firamare ne, ni na koya masa juye memori a kwamfuta bayan ya yi ritaya. Abokansa na masallaci sukan ba shi nasu ya juye, ashe duk karatu iri ɗaya ne ke yawo a tsakaninsu. Na same shi a zaure na ce zan goge maimaicin kawai, in bar ɗaya-ɗaya. Ya ce ya san maimaici ne, ai ba makaho ba ne. Ya taɓa gwada gogewa sau ɗaya, ya ga inda abin ya faɗa, ya yi maza ya dawo da shi yana istigfari.

"Sunan Allah zan jefa a kwandon shara?" in ji shi. "Da hoton kwandon da komai?"

Na buɗe baki zan yi masa bayanin cewa hoto ne kawai, sai na rufe. Wannan mutumin ne fa yake tsayawa a hanya ya tsinci guntun takarda in ya ga ajami a jiki, ya sa a aljihu, a tara a ƙona a wuri mai tsarki. Musu da shi zai kai mu magariba, ga Kaka har ta wanke hannu.

Dabarar ta faɗo min ina tsaye a wurin. Na tambaye shi, in ba gogewa aka yi ba, ƙaura aka yi musu zuwa wani gida fa, ba tare da sun bi ta kwandon ba? Ya ce ƙaura ai halas ce. Na hau babur na nufi masu sayar da kayan waya a bakin tasha, na karɓo filash mafi girma da suke da shi, na dawo ina gudu kamar an biyo ni. Baba ya jawo kujera ya zauna kusa da ni yana gadin kwandon, ni kuma ina kallon koren layi yana rarrafe, ina jin kamar in tura shi da hannu. Da jan layin nan ya koma shuɗi, na buga tsalle har kaina ya taɓa fanka, Allah ya sa babu wuta.

Na juye bidiyon, na koma gindin darbejiya. Kaka ta ɗora daga daidai inda ta tsaya, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ta gama ana kiran la'asar. Baba kuwa ya naɗe filash ɗin a farin ƙyalle ya sa a gafakarsa ta gaske.

Bayan mota ta tafi da ita, na kunna masa bidiyon. Ina cikin yi masa gargaɗin kada ya goge wannan bisa kuskure, ya ɗaga min hannu ya ce in mayar farko. Na mayar. Ashe kafin ta ambaci gari ko ɗaya, Kaka ta gyara mayafinta ta yi bisimilla.

Baba ya karɓi linzamin kwamfutar daga hannuna, ya ja muryar mahaifiyarsa a hankali ya ajiye a foldar Gafaka.