Tartsatsin Da Ba Na Walda Ba

Mai walda ne, kuma a layinsu Guduma ake ce masa, don abin da ya daka ba ya sake tashi. Amma akwai abin da ke dakansa shi ma: ciwon ɓarin kai. In ya tashi, sai ya ji kamar an dasa masa rodi mai zafi a bayan idon hagu ana bugawa. Yakan ɗaure kai da tsohuwar robar taya, ya yi amai, ya gwara goshi da bango har sai fata ta fashe.

Kafin ciwon ya zo, tartsatsi yake gani yana rawa a gefen ido. Shi dai ya ɗauka hasken walda ne, don haka sai ya murje ido ya ci gaba da aiki.

Wata rana ya dawo gida ciwon ya kai masa iya wuya, 'yar autarsa na kaɗa murfin tukunya. Ya wurga mata kofin tangaran. Kofin ya tarwatse a bango, wani ɓari ya tsaga mata gira. Jini ya rufe mata ido.

Matarsa ta danne raunin da gefen zani, ba ta ko dube shi ba.

"Malam, ko asibiti, ko in kai ta gidan Yaya ta zauna. Ba zan jira ka cire mata ido ba."

A asibiti likita ta tambaye shi, "Ran da ba ka kunna inji ba, kana ganin tartsatsin?"

Ya yi jim. "Ina gani."

"To ba walda ba ce, Baba. Mu a Turance aura muke kiransa, ciwon kuma maigiren. Sallama ce ciwon yake yi maka kafin ya shigo. Da ka gani, sha magani, ka nemi duhu."

Da tartsatsin ya sake zuwa, yana tsakiyar haɗa wa wani ƙofa. Ya kashe inji.

"Kai Guduma, ƙofar tawa fa?"

"Ƙofa ba ta gudu, Alhaji."

A gida ya tsaya daga nesa, hannuwa a baya.

"Auta, baƙon nan ya yi sallama. Sakar min labule."

Ta saki labulen da sauri, ta koma bakin ƙofa inda jifa ba zai kai ba. Can ta taɓa tabon girarta, ta ɗan matso, ta ajiye masa ruwa a kofin roba.